Shekara uku da ashanar tazarar haihuwa daga asibitin gwamnati

Makon jiya aka cire mini ashanar tazarar haihuwa, 'yar robar nan da ake sakawa ƙarƙashin fata don hana ɗaukar ciki, daga damtsena na hagu, a asibitin gwamnatin da aka saka mini ita shekara uku da suka wuce. Sai yanzu nake ganin na isa in yi magana a kai, don wadda aka saka wa jiya rabin labari take da shi.

Kunika ce ta kai ni. Ɗana na biyu yana da wata tara na wayi gari da cikin na uku, alhali na saki jiki cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Ashe kariyar shayarwa tana da sharaɗi uku: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ni biyu daga ciki sun riga sun faɗi ban sani ba. Cikin ya ba ni wuya, ga goyo ga laulayi ga ƙarancin jini. A wajen awo ne wata nas ta gaya mana cewa Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar mace ta huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin ta sake ɗaukar ciki, in ɓari ne kuma wata shida. Na riƙe maganar. Da na haihu, ranar da na kai jaririya rigakafin mako shida, ina fitowa na zarce ɗakin tazara.

Zaman farko ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Sista ta baje mini komai a kan tebur, na gani da idona na taɓa da hannuna: ƙwayoyi, allurar wata uku, robar mahaifa, kwaroron roba, sai ashana iri biyu. Ta auna hawan jinina, ta tambayi ranar da na haihu, sannan ta tambayi ko ina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya. Na ce me ya haɗa su? Ta ce rifampicin, wato maganin tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya suna rage wa ashana ƙarfi, mace na iya ɗaukar ciki tana ɗauke da ita. Wannan tambayar kaɗai ta sa na ji ina hannun wadda ta san aikinta.

Ƙwaya dai na san halina, zan manta. Allura tana son komawa duk wata uku, kuma bayan an daina ciki kan yi jinkirin shiga, wata mace ma har kusan shekara. Robar mahaifa ta fi duka daɗewa, tana kai shekara goma, amma a lokacin tsoronta nake ji, ba don wani dalili mai ƙarfi ba. Na zaɓi ashana mai guda ɗaya, Implanon, ta shekara uku.

Ba a same ta a ranar ba, ta ƙare. Sai Jadelle, mai guda biyu, ta shekara biyar. Wata ma'aikaciya ta ce, “Maman jariri, ai duk ɗaya ne, wannan ma ta fi auki.” Na ce shekara uku nake nufi, ba biyar ba. Na koma bayan mako biyu kaya sun iso. Ni ina da ƙafar komawa, amma na ga mata biyu a layin da suka karɓi abin da ake da shi don ba za su sake samun fita ba.

Sakawar kanta ba wani aiki ba ne. Allurar kashe zafi, ɗan tsirawa a cikin damtse, an gama kafin in gyara zama. Tsawonta santimita 4, siririya kamar tsinken ashana, daga nan sunan ya samo asali. Aka sa na shafa wurin na ji ta, aka ɗaure da bandeji, aka ba ni kati mai ranar cirewa. Wurin ya yi duhu na 'yan kwanaki ya washe.

Aikin da aka saka ta dominsa kuwa ta yi shi. Cikin mata dubu masu ashana, kusan ɗaya ce ke ɗaukar ciki a shekara, kuma ban zama ɗayar ba. Nono bai ragu ba, na shayar da 'yata har yaye. Batun da ake yi cewa tana yawo a jiki har ta ɓace, ni dai duk sanda na taɓa ina jin ta inda aka ajiye ta. Ba wai ba ta taɓa gusawa ba, takan faru jefi-jefi, musamman in an nutsa ta da yawa, shi ya sa ake cewa a riƙa taɓawa, ranar da ba a ji ta ba a koma. Ba ta kuma hana cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa, wannan aikin kwaroron roba ne.

Sai jini. A nan ne fa ni da shirin tazarar haihuwa muka ɗan saɓa. Abin da aka ce mini a farko jimla ɗaya ce: “Al'adarki za ta iya ɗan canzawa.” Daga wata na huɗu sai ɗigo ya fara, ya yi mako biyu, ya ɗauke kwana biyar, ya dawo. Ba shi da yawa, amma rashin sanin ranar zuwansa da ranar tafiyarsa ya isa ya hana mace sukuni, ya kuma shiga tsakaninta da mijinta. Na koma asibiti. Wadda na tarar ko kai ba ta ɗago daga rajista ba, ta ce in yi haƙuri zai daina. Na sake komawa, haka. A gida kuma ana ta ba ni labarin wadda jini ya taru mata a mara, da wadda ba ta sake haihuwa ba. Saura ƙiris in nemi a cire.

A zuwa na uku na dace da wata dattijuwar nas. Ta zaunar da ni ta ce, “'Yata, gaya mini tun daga farko.” Ta ƙirga kwanakin tare da ni, ta duba idona da tafin hannuna, sannan ta yi mini bayanin da ya kamata in ji tun ranar farko. Sinadarin da ke cikin ashana yana hana ƙwai fita, yana kaurara ruwan bakin mahaifa, yana kuma sa shimfiɗar cikin mahaifa ta zama siririya. Siririyar shimfiɗa ce ke ɗigo ba bisa ƙa'ida ba, a wasu matan kuma al'adar ta ɗauke ɗungurungum, ba don jini ya taru ba, sai don babu abin da zai zubo. Ta rubuta mini ibuprofen na kwana biyar da ƙwayar ƙarin jini, ta ce in jinin ya yi yawa, ko ya zo da ciwon mara mai tsanani, ko jiri, kada in jira ranar kati. Ta kuma ce in na gaji, haƙƙina ne a cire ko gobe. Jin haka ne ma ya sa na bar ta. Ɗigon ya lafa wajen ƙarshen shekarar farko, bai daina zuwa kwatsam ba, amma na daina jin tsoronsa.

Na sha tunanin dalilin da ya sa ake marhabin da mai zuwa sakawa, mai dawowa da kuka kuma sai a yi mata gajeriyar amsa. Ina ganin lissafi ne. A taron duniya kan tazarar haihuwa da aka yi a Landan a 2012 an yi alƙawarin ƙara mata miliyan 120 cikin masu amfani da hanyoyin tazara kafin 2020, kuma wannan yunƙurin ya taimaka ƙwarai wajen kawo ashana har ƙananan asibitoci, ni ma na ci moriyarsa. Sai dai sabuwar zuwa tana da layinta a rajista, minti goman da aka ɓata wajen kwantar wa tsohuwar zuwa hankali ba shi da gurbi. Alhali tun taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan al'umma da aka yi a Alƙahira a 1994 ƙasashe 179 suka amince cewa zaɓin mace da lafiyarta ne a gaba, ba cika adadi ba. Ba na ɗora wa ma'aikatan laifi kacokan. Ma'aikata biyu ne ke kula da layin da ya kai bakin ƙofa, kuma labule ne kawai tsakaninki da masu jira, duk abin da kika faɗa yana kunnensu. Maza kuwa ban taɓa ganin ko ɗaya a ɗakin ba, nawa ma a waje ya tsaya, ni na zama mai kai masa bayani, rabi na manta a hanya.

Cirewa ta ƙara nuna mini haka. Masu sakawa suna da yawa, mai cirewa ɗaya ce, kuma ba kullum take nan ba. Sau biyu ina zuwa ina komawa. Duk wadda za a saka wa, kafin ta miƙa hannu ta tambaya: wa ke cirewa, wace rana, kuma in jini ya rikice wa zan gani? Ta adana katin nan kamar takardar haihuwa.

Ranar da na haɗu da mai cirewar, ashe dattijuwar nas ɗin nan ce. Allurar kashe zafi, 'yar tsaga, ta turo kan ashanar da yatsa ta kama shi da ɗan hantsaki, minti biyar ba a cika ba. Ta ce kariya ta ƙare daga yau, ciki na iya shiga ko a wannan watan, in ban shirya ba ta sa mini sabuwa a wurin nan take. Na ce na shirya, autata ta shiga shekara ta huɗu. Sai ta rubuta mini folik asid, bitamin ɗin da ake ba masu ciki, ta ce in fara sha tun kafin cikin ya samu. Sannan ta miƙo mini farantin da ta ajiye ashanar a kai ta ce in duba da kyau, in tabbatar ta fito gaba ɗayanta.