Halloween Ends: Sun Wulaƙanta Michael Myers a Cikin Kwalbati

Duk wanda ya ce maka Halloween Ends fim ɗin Michael Myers ne, wato makashin nan mai rufe fuska na jerin finafinan ban tsoro na Halloween, kada ka yarda. Fim ɗin wani yaro ne mai suna Corey Cunningham, shi Michael leƙowa kawai yake yi. Sai da aka ci kusan minti 40 kafin a nuna shi. Mai tura finafinan da nake zuwa wajensa a Tudun Wada nan Gusau har da ce min "Yaya, wannan shi ne ƙarshen tika-tiki tik." Na tabbata bai kalla ba, ko kuma barci ya kwashe shi a tsakiya.

Tun daga na farko da John Carpenter ya yi a 1978, abin da ya sa ake tsoron Michael shi ne ba ya magana, ba ya gudu, kuma ba ya mutuwa. A Halloween Kills na 2021 mutanen garin Haddonfield suka yi masa taron dangi, suka lakaɗa masa duka, suka harbe shi, suka daɓa masa wuƙa, ya miƙe ya karkashe su. Ko 'yan kwana-kwana bai ƙyale ba. To wai wannan mutumin ne aka nuna mana ya shekara 4 yana ɓuya a cikin kwalbatin ruwan ƙazanta, yana tangaɗi da ƙyar. Corey, wanda 'yan sakandare ke cin zalinsa a bakin shago, shi ne ya shiga ramin ya yi kokawa da shi, ya kai shi ƙasa, ya tuɓe masa abin rufe fuskar ya yi tafiyarsa. Haba jama'a! Sai da na mayar da wurin baya don in tabbatar idona ya gani daidai. Ƙanena da ke gefe, wanda a Halloween na 2018 ko bayi ba ya iya zagawa shi kaɗai bayan kallo, dariya ya fashe da ita. Mu nan Zamfara ba ƙaramin abu ke razana mu ba, balle dodon da yaro ya ƙwace wa hula.

Ba zan ci haƙƙinsu ba dai, farkon fim ɗin ya girgiza ni. Yadda Corey ya doki ƙofar da aka kulle shi a ciki, ta buge yaron da yake raino, ya faɗo daga saman bene daidai lokacin da iyayensa ke shigowa, wannan ya yi. Jamie Lee Curtis, wadda ta fito a matsayin Laurie, kuma ba a magana. Faɗanta da Michael a kicin, inda Laurie ta kafe hannuwansa a kan tebur da wuƙaƙe, ya sa na gyara zama, har na fara cewa a raina to na yafe.

Ina! Faɗan da aka shafe shekara 44 ana jira, 'yan mintoci aka ba shi a fim mai minti 111. Sauran lokacin ya tafi a kallon Corey da Allyson, jikar Laurie, suna zaga gari a kan babur suna soyayya kamar fim ɗin Kannywood, waƙa da rawa kawai suka rage. Ita Allyson da Michael ya kashe mata uwa da uba, wai ita ce ta kasa gane mutumin da take bi ya canja. David Gordon Green shi ya ba da umarnin duka ukun, na 2018 da na 2021 da wannan na 2022, amma sai ka rantse bai kalli biyun farko ba. Idan labarin Corey yake son bayarwa, me ya hana shi sako yaron tun a na 2018? Sai a na 13 a jerin, wanda aka tallata mana a matsayin karon ƙarshe?

Daga baya, bayan an kashe Michael, suka ɗaure gawarsa a saman mota, gari ya bi su a baya, aka jefa ta injin niƙe tsoffin ƙarafa. A lokacin ni kam na riga na huce, gurbin da ya cinye min a waya kawai nake lissafi. Na goge shi a daren, na bar na 2018.