Garayar izgar doki daga Wales: sharhina kan faifan Telyn Rawn

Mako uku ke nan da na sayi faifan Telyn Rawn a Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, kuma kusan kowane dare sai na kunna shi bayan gida ya yi tsit. Na Rhodri Davies ne, makaɗi ɗan garin Aberystwyth da ke gaɓar tekun Wales, ya fitar da shi a 2020.

Sunan ne ya fara jawo ni. A harshensu, telyn ita ce garayarsu mai tsirkiya da yawa da ake kaɗawa da yatsun hannu biyu, rawn kuma izgar doki. Da irin wannan garaya mawaƙan Wales ke raka waƙoƙinsu a da, har wani mawaƙinsu na ƙarni na 14, Iolo Goch, ya yi mata waƙar yabo yana kushe garayar fata da ta zo tana neman ture ta. Daga baya garaya mai layin tsirkiya uku, wadda asalinta Italiya ne, ta zama abar alfaharin ƙasar, ta izga kuwa ta ɓace, ko ɗaya ba ta rage ba. Davies ya bi abin da tsofaffin waƙoƙi suka faɗa game da ita, ya sa aka ƙera masa sabuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi da'awar cewa ga yadda kakanninsa ke kiɗa ba. Guntaye 18 ne a faifan, duk nan take yake ƙirƙirarsu, yana laluben abin da izgar za ta iya. Sautin ba shi da zaƙin nan mai sheƙi da aka saba ji a garayar Turawa. Busasshe ne, gajere, da ɗan ƙirƙir a ƙarƙashinsa, sai ka ji itacen kansa yana amsawa. Wani wuri sai wani ɗan salo ya ɓullo kamar na rawar ƙauye, ya yi ta juya shi har ya rikiɗe ya zama wani abu dabam.

Inda ya ajiye yatsu ya shiga goga tsirkiyar, nan ne tsigar jikina ta tashi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ya san wannan kukan na izga a kan izga, mai kaushi da shaƙewa kamar muryar tsoho. Ban yi tsammanin jin sa daga wani tsibiri mai sanyi ba. Na kunna wa yayata ba tare da na gaya mata komai ba, sai ta tambaye ni wane mai goge ne wannan.

Shawara ga mai son saye: kada ka saurare shi da lasifikar waya, rabin daɗinsa na cikin ƙananan sautuka ne, kuma can suke ɓacewa. Sa abin kunne. Babu waƙa, babu ganga, babu amshi, don haka wanda ke neman kiɗan da zai raka shi aiki ko tuƙi zai gaji tun a guntu na uku. Ni kaina a daren farko ban kai ƙarshe ba, sai a dare na huɗu kunnena ya saba, na ji shi duka a zama ɗaya.