Daga Hamburg: tubalan roba da dattawan da ke jiran sakamako

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da Inna da sauran mutanen gida. Ka ce in daina cika maka kunne da zancen sanyi da tsadar haya, in ba ka labarin kayan da ake sayarwa a nan waɗanda babu irinsu a wajenmu. To ga ɗaya, sai dai na san dariya za ka yi mini, domin kayan wasan yara ne.

A rumbun ajiyar kaya inda nake aiki, kusa da tashar jiragen ruwa, akwai wani Bajamushe direban motar ɗaga kaya. Ya haura hamsin, furfura ta gama da kansa. Kwanakin baya sai na lura da an tashi hutun rana ba ya ko kallon abincinsa, waya kawai yake ta dannawa yana tsaki. Na ɗauka ƙwallo ce, ko ƙungiyar HSV ta nan Hamburg ta sake ba shi kunya. Da na tambaya sai ya miƙo mini wayar. Ashe jira yake kamfanin Lego ya faɗi wane gini zai ƙera a cikin waɗanda mutanen gari suka zana suka aika masa. Dattijo guda, da jikoki. Na yi shiru dai, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ban san ni ma zan faɗa ciki ba.

Lego ɗin nan ka taɓa ganin jabunsa a Sabon Gari, ƙananan tubalan roba masu ƙuraje a sama, ana danna wani kan wani su kama. Na ainihin daga wani ɗan ƙaramin gari yake a ƙasar Danmak, sunansa Billund, tafiyar kamar awa uku a mota daga nan. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, shi ya fara a 1932 da kayan wasa na katako. Tubalin da ake yi yanzu a 1958 aka yi masa rajista, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tubalin wancan zamani har yau yana kama na bana daram. Na gwada da hannuna. Na sayi buhun tsofaffi a kasuwar gwanjo ta ranar Asabar, wasu har sun koɗe, na haɗa su da sababbin da yaronmu ya samu a makaranta, ko motsi ba sa yi. Ka tuna motar da ka sayo wa autanmu da ƙaramar Sallah, wadda tayarta ta fita kafin la'asar? Ita na tuna.

Amma ba ingancin robar nake son ba ka labari ba, tsarin da ya hana abokin aikina cin abinci ne. Sunansa Lego Ideas. A Japan aka fara shi a 2008 da sunan Cuusoo, sai a 2014 ya koma sunan da yake da shi yanzu. Kowa, ko ina yake a duniya, zai iya gina abin da ransa ya raya masa, da tubalan gaske ko a kwamfuta, ya ɗauki hoto ya sa. Daga nan sai neman magoya baya. Ana ba ka kwana 60 ka samu mutum 100. In ka samu, a ƙara maka shekara guda ka kai 1,000, sannan wata shida ka kai 5,000, da wani wata shidan ka cika 10,000. Wanda ya cika ya shiga layin tantancewa, kuma sau uku ake rufe layin a shekara: Janairu, Mayu da Satumba. Sai kamfani ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi watanni, mutane kuma a waje su yi ta hasashe kamar masu jiran ganin watan Sallah.

Wanda aka ɗauki nasa, ana ba shi kashi 1 cikin 100 na cinikin, da kwali goma na kayan kyauta, a kuma buga sunansa da hotonsa a littafin da ke nuna yadda ake haɗawa. Wanda ya cika 10,000 aka ƙi nasa, ana share masa hawaye da kayan Lego na dala 500. Ƙin kuwa shi ya fi yawa nesa ba kusa ba. A zagayen farko na 2021 gine-gine 57 suka cika ƙa'ida, biyu aka amince da su ranar sanarwa: wani ɗan gidan katako na cikin daji mai rufi kamar dala, da dandalin wata ƙungiyar mawaƙa ta Koriya ta Kudu. An ma taɓa yin zagayen da aka tashi ba a ɗauki ko ɗaya ba. Abokin nawa har yau in ya tuna 2021 sai ya girgiza kai, wai gidan sarautar da ya mara wa baya ya fi waɗancan biyun kyau sau goma.

Su a wurin aiki har ɗan fare suke yi, wanda ya faɗi ya sayi kofi na mako guda. Na ce musu ni ba ruwana da caca, amma bakina ba zai yi shiru ba. Kuma ka san ni da lissafin kasuwa tun muna Kwari. Da na zauna na duba abubuwan da aka ɗauka a baya, sai na ga ba kyau ake bi ba, ko in ce ba kyau kaɗai ba.

Dubi waɗanda suka fita. Rokar da ta kai mutane duniyar wata, a 2017, tsawonta ya kusa mita guda, tubalanta 1,969 daidai da shekarar da aka sauka a can. Babban fiyano a 2020, tubali 3,662. Tafireta a 2021, tubali 2,079. Ƙwallon taswirar duniya da hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya a 2022. Baƙar kyanwa mai farin ƙirji a 2024. Duk cikinsu babu na yaro. Kaya ne da magidanci mai albashi zai haɗa da daddare in yara sun kwanta, ya ɗora a kanta, baƙo ya shigo ya ce kai, wannan fa? Su Turawa ga tsufa ga kaɗaici ga dogon daren hunturu, abin da zai cinye musu awa goma yana da daraja. Saboda haka in ka ga jerin da ke jiran hukunci, nemi abin da kakan wani ya taɓa amfani da shi, keken ɗinki ko tsohuwar rediyo ko agogon bango, ko kuma dabbar gida, ko tsiro. A kansu nake sa bakina, kuma ban cika jin kunya ba.

Waɗanda nake cirewa tun kafin a fara kuwa, su ne irin da abokina ke mutuwar so. Manyan gidajen kan titi masu hawa uku da gidajen sarauta na zamanin da, kusan kowane zagaye sai sun cika layi, kusan kowane zagaye kuma sai an watsar da su. Dalilin a fili yake: kamfanin da kansa yana fitar da irinsu, me zai sa ya biya wani kashi ɗaya a kan abin da ma'aikatansa ke yi? Sai waɗanda aka ɗauko daga fim ko wasan kwamfuta. Su ne suka fi saurin tara jama'a, wani ma na wasan Minecraft cikin kwana biyu ya cika 10,000 a ƙarshen 2011. Amma sai masu fim ɗin sun yarda an yi ciniki da su, kuma wannan ciniki a ɓoye ake yinsa, don haka hasashe a kansu harbi ne a duhu. Akwai kuma waɗanda doka ta kashe tun daga ƙofa: siyasa, addini, giya, taba, makaman yaƙin zamani. Mai son tankar yaƙi sai ya nemi ta wani kamfanin Poland mai suna Cobi, tunda haƙƙin mallakar ƙirar tubalin ya ƙare tuni, kowa yana iya yin nasa.

Ko wanda aka ɗauka, ba yadda ya gina za a sayar ba. Maginan kamfani sai sun warware shi sun sake ginawa don kada ya rushe a hannu, wani lokaci ya fito mai shi da kyar ya gane ɗansa. Akan yi shekara ko fiye kafin ya iso kanti. Waɗanda aka ƙi kuma wasu sukan koma BrickLink, wata kasuwar tubala ta intanet da Lego ya saya a 2019, inda in mutum 3,000 suka biya kuɗi tun kafin a ƙera, sai a ƙera musu.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki yaron muka je kantinsu da ke Spitalerstraße, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, don gani ya kori ji. Tafiretar tana cikin gilashi, launin kore-kore irin na tsofaffin ofisoshin En'e. Ma'aikaciyar ta nuna mana yadda take: ka danna harafi, ɗan ƙarfen nan na roba ya tashi ya bugi takarda, abin riƙe takardar ya matsa gefe kaɗan. Ba ta rubutu, amma wallahi sai da na tuna mai buga takardun nan na bakin kotu da Baba ke aikenmu wurinsa. A bango guda kuma akwai ramuka-ramuka cike da tubala kala-kala, ka ɗibi son ranka ka cika mazubi ka biya kuɗin mazubin, kamar mai auna gyaɗa. Yaron ya yi minti ashirin yana danna su da babban yatsa don ya samu wurin ƙarin biyu. Jinin Kano ba ya ɓuya.

Farashi kuwa, riƙe kujerarka. Tafiretar Yuro 200 aka fara sayar da ita, daga baya ta hau 250. Fiyanon da Yuro 350 ya fito. Kai ka san canjin yau a Wapa, lissafa da kanka, ni ba zan rubuta ba kada Inna ta ji ta ce na haukace. Ban saya ba. Ɗan mazubin nan kawai muka ɗauka muka fito.

Abin da ya burge ni ya fi kayan shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Injin shara ya taɓa haɗiye wa yaron wata 'yar taya da ba ta kai ƙwayar wake biyu ba, aka yi kuka har da majina. Ashe kowane tubali da lambarsa a bayan littafin. Na shiga intanet na sa lambar, na biya 'yan sulalla, ta zo a ambulan har akwatin gidanmu. In kuwa tun daga kwali aka tarar babu, kyauta suke aikowa. Ban da wannan, dokar ƙasar ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta intanet ba sai ka faɗi dalili ba, da shekara biyu na neman gyara ko canji in kaya ya zo da aibi. Mu kuwa a ƙasan rasit ake rubuta mana cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, da jan biro ma.

Kada ka ɗauka na raina namu. Duk cikin masu zanen nan ban ga wanda ya fi ka hannu ba lokacin da kake yi mana motar kara. Ina ganinka har yanzu a zaure, ka fere ɓawon karan da reza, ka yanka totuwa ka soke, ka yanko tsohon silifas ka yi tayu, har da ƙofar da ke buɗewa. Ba littafi, ba lamba. Yaran unguwa da ke lanƙwasa waya da gwangwanin madara su fitar da tirela mai sitiyari, da a nan suke da tuni an san sunansu. Bambancin, a nan an shimfiɗa hanya daga tunanin mutum zuwa kanti, har da ladansa. Kashi ɗaya cikin ɗari a ganina ya yi kaɗan, kamfani ya samu zane da talla da tabbacin masu saye duk a ɓagas. Amma kaɗan ɗin ana biya, kuma da suna.

Shi ya sa kwana biyu nake ta saƙa wani abu. Na fara tunanin masallacin Agadas da hasumiyarsa ta ƙasa mai itatuwa a jiki, sai na tuna dokar addini ta hana. Abin ya ɗan ba ni haushi, don kamfanin da kansa ya fitar da cocin Notre-Dame ta Faransa a 2024, amma gidansu ne, dokarsu ce. Sai hankalina ya koma marinar Ƙofar Mata. Ka duba: ramukan baba a jere, marini zaune a bakin rami hannunsa ya yi shuɗi har gwiwa, zannuwa a shanye a kan igiya, can gefe mabuga da gudumarsu a kan gungume, a baya kuma katangar ƙasa da zanko a kusurwa. Babu siyasa, babu addini, babu mai fim da za a roƙa, ga launi mai ɗaukar ido, ga tarihin fiye da shekara 500. Har na faɗa wa abokin aikina cewa mu ma tubali muke kiran abin da muke gini da shi, sai dai namu na ƙasa ne, mulmulalle.

Ya saurare ni tsaf, sannan ya yi mini tambayar da ta hana ni barci. Ya ce ƙuri'a 10,000 ba wuya, shi ma ya yarda Kano kaɗai za ta cika ta a yini guda in aka watsa a WhatsApp, tunda kyauta ce. Amma cikin masu ƙuri'ar mutum nawa za su zaro Yuro 150 su saya? Kamfanin da ba shi da masana'anta ko ɗaya a Afirka, shi wannan lissafin yake yi a ɗakin nan da ya rufe. Na ce masa ai Bature ma da bai taɓa zuwa Japan ba yana sayen lambun Japan ya ajiye a falo. Ya ce haka ne, to ka gina mu gani.

Don haka, Yaya, ina roƙon alfarma. In ka samu sarari ka leƙa Ƙofar Mata da safe kafin rana ta yi zafi, ka nemi izinin masu wurin, ka ɗauko mini hotuna: ramukan daga sama, ɗaya daga gefe yadda zan ga tsayin bakinsu, da rumfar mabuga. Ka ƙirga mini ramuka nawa ne a layi guda. Buhun tsofaffin tubalan nan kuma na wanke su na raba biyu, rabi zan ba wani ɗan'uwa da zai taho gida wata mai kamawa ya kawo wa yaranka. Ka ja musu kunne kada su bari a ƙasa inda ƙaramar ke rarrafe, kai ma kada ka taka da daddare ba takalmi. Na taka, na san abin da nake faɗa.

Ka gaida Inna, ka ce mata man zafin yana cikin saƙon.