Littafin Bita Ko Malamin Lesin: Abin Da Iyaye Za Su Auna Kafin Su Biya

Da zarar an ba da dogon hutu, iyaye sukan cika shagunan littattafai na Kasuwar Wunti da sauran kasuwannin Bauchi, suna neman abin da zai riƙe wa ɗan aji biyu ko uku karatunsa kafin a koma makaranta. Kafin a fitar da ko sisi, ya kamata a zaunar da yaron, a miƙa masa gajeren labari na Hausa, a ce ya karanta da ƙarfi. Wanda ke tsayawa a kan kowane harafi, yatsansa a kan layi, yana satar kallon fuskar babansa ko za a cece shi, buƙatarsa daban take da ta wanda ke karantawa sumul amma aka tambaye shi wa ya sace akuyar a labarin ya yi zuru.

Yaro na farko littafin haɗa baƙi da wasali yake buƙata, irin mai ba, be, bi, bo, bu, wanda ke tashi daga gaɓa zuwa kalma, daga kalma zuwa jimla. Na Hausa ya fi saurin kama hannu, domin yadda ake furta kalmar haka ake rubuta ta, kuma yaron ya riga ya san ma'anarta tun daga gida. A buɗe tsakiyar littafin a duba ko ɓ da ɗ da ƙ sun fito da lanƙwasarsu. Bugun jabu yakan shafe su, sai yaro ya kasa raba "kafa" da "ƙafa". Gidan da ke da tsohon littafin Mu Karanta!, wanda aka raba wa makarantun gwamnati na jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ta ƙasar Amurka, yana da abin farawa tun kafin a je kasuwa. Yaro na biyu kuwa littafin atisaye ya fi dacewa da shi, mai gajerun labarai da tambayoyi a ƙarƙashinsu. Aibinsa ɗaya: a cikinsa ake rubutu, don haka ƙane ba ya gadonsa.

Kundin tambayoyin jarrabawar shiga sakandare shi masu shago suka fi turawa, saboda kaurinsa yana sa mai saye ya ji kuɗinsa sun yi aiki. A ganina, ba shi da amfani ga ɗan ƙasa da aji biyar. Yaron da bai iya karanta tambaya ba, haddace harafin amsa kawai zai yi.

A ɓangaren ilimin zamantakewa ne tsufan littafi ya fi yin ɓarna, kuma ana iya gano shi cikin minti ɗaya a tsaye a shago. A juya bangon baya a duba taken ƙasa: a watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken, don haka littafin da ke ɗauke da wanda aka bari zai rikita yaro a filin taron safe. A duba taswira a ga jihohi 36 da Abuja, a ga Gombe a matsayin jiha mai zaman kanta, tunda tun 1996 aka cire ta daga Bauchi. Sannan a nemi shaidar cewa littafin yana bin manhajar hukumar NERDC, mai tsara abin da ake koyarwa a makarantun Najeriya, a kuma tambayi malamin ajin wane bugu suke amfani da shi. Littafi mai kyau yana farawa da iyali da unguwa kafin ya kai ga tuta, amma da wuya ya ambaci cewa jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20, ko cewa gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alƙaleri, ko yadda sarauta ke hawa daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Wannan giɓin, bayani da baki ne ke cike shi, da ziyara guda zuwa kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Malamin lesin ya fi kowane littafi tsada, domin wata-wata ake biyansa, kuma ya cancanci kuɗin ne kawai idan yana sauraron kowane yaro yana karatu shi kaɗai. Idan yara ashirin ne a zaure suna amsa amshi, ajin da aka baro ne aka sake biya. Manhajojin waya kuma yawancinsu na Turanci ne da lafazin Amurka, ga cin data da caji, ga yaron da ke zamewa zuwa bidiyo da zarar an juya baya. Mai ƙaramin ƙarfi zai fi cin riba da littafin karatu guda daidai matakin yaron, da sabon bugun na zamantakewa, da yaya ko mahaifiya da za ta zauna da shi minti ashirin bayan la'asar.