Hattara masu sayen tantalayit, an damfare ni miliyan huɗu da rabi

Naira miliyan huɗu da rabi, jama'a! Ita na tura wa wani dillali a jihar Nasarawa a kan tantalayit kilo 50, ashe baƙin yashi ne aka yayyafa wa na gaske a bakin buhu.

Kada wani ya zo yana ce min kwaɗayi ne ya ja ni. Na san kayan nan. A Jos na tashi, a gabanmu ake wanke kuza da kwalambayit. Na san daga dutsen tantalayit ake fitar da tantalam, ƙarfen da ake sawa a ƙananan kafasito, wato 'yan na'urorin adana lantarki na waya da kwamfuta, ba ya tsatsa, har likitoci suna dasa shi a ƙashin mutum, kuma sai zafi ya haura digiri 3,000 yake narkewa. Irinsa ake kira koltan a Kwango da Ruwanda. Farashinsa kuwa ya danganta da kashi nawa na tantalam ke ciki, shi ya sa na dage sai an gwada.

Kuma an gwada! A idona na'urar hannu ta nuna kashi 30. Dillalin ne ya zura hannu ya ɗebo samfurin, yana murmushi, yana cewa, "Alhaji, ai tsakaninmu amana ce." Shi ya ɗebo. Har ruwa ya miƙo min. Kafin nan ma, a'a, bayan na tura kafin alƙalami ne, ya ja mu sallar la'asar. Wanda ya ja ka salla, ta yaya za ka ce ya zazzage buhu ƙasa?

Da na kai wa mai sayen kayana, ko sikeli bai taɓa ba. Ya dubi buhun ya ce kilo 50 na tantalayit ba ya cika buhu haka, dutse ne mai nauyin tsiya. Ya luma maganaɗisu can ƙasa, ya fito baƙi ƙirin, yashi ya manne masa. Yaran shago suna kallona. Miliyan huɗu da rabi, rabi ma kuɗin ƙanena ne.

Lambar dillalin a kashe tun ranar. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi suna hannuna, zan saka su da zarar na gama da 'yan sanda.

Ku zazzage buhu duka, ku ɗebi samfur da hannunku, ku tafi da maganaɗisu. Ni dai ban yafe ba, Allah ya isa tsakanina da shi.