Wata biyu a ajin gudu da ɗaga ƙarfe, ga yadda na same shi

Toh jama'a, wata biyu kenan ina shiga wani aji a jim ɗin, wato gidan motsa jikin, da nake zuwa, wanda ake haɗa gudu da ɗaga ƙarfe a lokaci ɗaya, kuma tun da ana yawan tambayata ko ya yi, bari in faɗa gaba ɗaya. Ya yi wallahi, amma kocin ne ya sa ya yi, ba kayan aikin ba.

Atisayen da muka fi yi shi ne wanda 'yan CrossFit (wani salon motsa jiki ne) suke kira Nancy, duk da jim ɗin namu ba nasu ba ne, aro kawai aka yi. Za ka yi gudun mita 400, ka dawo ka ɗaga sandar ƙarfe sama da kanka hannu a miƙe, ka tsuguna ka tashi sau 15 tana can sama, sai ka sake fita gudu, haka har zagaye 5. Jimilla kilomita 2 da tsuguno 75. A ƙa'ida maza kilo 43 ne, mata kusan 30, sandar maza kuma ita kaɗai ba faifan nauyin da ake sa mata kilo 20 ce, ta mata 15.

Zagayen farko ba komai, a na uku ne ake sanin abin da ake ciki. Kafin ka tsuguna da nauyi a sama dole ka ja numfashi ka riƙe, ka ɗaure ciki tamau don bayanka ya tsaya, to ga shi ka dawo daga gudu kana haki kamar ƙirji zai tsage, numfashin ya ƙi riƙuwa, cinya ta riga ta sha aiki, sai ka ga sandar tana rawa a sama, wuyan hannu na zafi, diddige na neman ɗagawa daga ƙasa, zufa na shiga ido kuma ba hannun gogewa. Na ga wani bawan Allah mai ƙirar ƙarfi sosai yana ajiye sanda bayan tsuguno 4, na kuma ga mai gudun dogon zango da numfashinsa lafiya lau amma kafaɗa ta ƙi buɗewa. Kowa da inda abin yake kama shi.

A nan kocin ya burge ni. Ranar farko bututun roba ya miƙa min, ya tsaya a kaina yana cewa buɗe hannu, tura gwiwa waje, kalli gaba. Sai da na yi mako biyu ya bar ni na ɗauki sandar kilo 15 ba faifai, yanzu ina kilo 30. Shi ya koya min in rage gudu a mita 50 na ƙarshe, in iso numfashina ya ɗan kwanta, in yi ƙoƙarin gama 15 ɗin ba ajiyewa, don duk ajiyewa ɗaya sai ka sake cicciɓo ta sama, ƙarfi ne yake tafiya a banza. Idan ya ga baya ya fara lanƙwashewa, ba ya jira, zuwa yake ya cire maka faifai. Minti 20 na cika yana tsayar da agogo, ko ka gama ko ba ka gama ba.

Takalmi kuma a kula, na gudu mai laushi girgiza yake ƙarƙashin nauyi, na ɗaga ƙarfe mai taurin diddige kuma azaba ne a gudu, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi.

Abin da bai min ba shi ne ajin yamma. Mutum kusan ashirin, koci ɗaya, idonsa ba zai kai kan kowa ba, kuma wannan ba atisayen da za a bar sabon shiga shi kaɗai da ƙarfe a kansa ba ne. Sandunan kilo 15 guda biyu ne kacal, mata har jira suke. Ƙofar da ake fita gudu ma tana daf da inda ake yar da sanda, abin yana tayar min da hankali duk sanda na gani, na kuma faɗa musu.

Wanda burinsa ƙarfi zalla ne kada ya mayar da ajin nan na kullum. Tun 1980 wani mai bincike Robert Hickson ya nuna waɗanda suka haɗa gudu mai yawa da ɗaga ƙarfe ƙarfinsu ya daina ƙaruwa wajen mako na bakwai, na masu ƙarfe kaɗai kuwa ya ci gaba. Ni sau biyu a mako nake zuwa, sauran ranakun in yi gudu daban, ɗaga ƙarfe daban. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma don Allah ya fara ganin likita, riƙe numfashi da nauyi yana ɗaga jini sosai.

Na koma ajin safe, mu bakwai ne ko takwas, koci yana ganin kowane tsuguno. Ya ce idan na gama da kilo 30 ba ajiyewa sau biyu a jere zai ƙara min biyar.