Wainar Dazaifu, a ci ta da zafinta

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Fukuoka a Japan ya daure ya hau jirgin ƙasa na Nishitetsu daga tashar Tenjin ya leƙa Dazaifu, tafiyar wajen minti 30 ce. Ni abin da ya kai ni wata waina ce da suke ce wa umegae mochi, kuma wallahi ban yi nadamar kuɗin jirgina ba.

Shagunan jere suke hagu da dama a kan hanyar da ta miƙe zuwa Tenmangu, wurin ibadarsu, ni dai na tsaya inda na hango ana gasawa ta gilashi. Ƙullun shinkafa ne mai danƙo, a cusa masa jan wake da aka dafa da sukari, a matse cikin wani ƙarfe kamar tandar masa, ya fito da tambarin furen wata bishiya da suke kira ume a bayansa. Babu nama ciki, hankalina kwance na ci. Da matar ta miƙo min sai da na yi ta sauya hannu don zafi, bayan rumus-rumus, cikin kuma laushi har yana jawuwa, zaƙin daidai baya hawa kai, ɗaya bai kai yen 200 ba.

Amma fa labarin wainar ne ya fi taɓa ni. Sugawara no Michizane, haifaffen 845, malami ne marubucin waƙoƙi da Sarki Uda ya jawo jiki, shi ya ba da shawara a 894 a daina tura jakadu Sin, a 899 ya zama Ministan Dama, wani babban muƙami a fada, sai wani babban bafade Fujiwara no Tokihira ya ƙulla masa sharri wajen Sarki Daigo, a 901 aka tsige shi aka turo shi nan nesa da Kyoto inda fadar take, cikin ƙunci ya zauna har ya rasu a 903. Mutanen garin suna cewa wata tsohuwa ce ta tausaya masa take miƙa masa waina a kan reshen ume, daga nan sunan ya fito, don umegae na nufin reshen ume. Ka duba fa, mutumin da jiya fadawa ke zubewa gabansa, yau tsohuwa ce ke ciyar da shi. Ina tsaye da takardar wainar a hannu sai da na ji ƙwalla.

A kan kabarinsa aka gina wurin ibadar, ɗalibai har yau cika shi suke yi lokacin jarabawa suna neman sa'a tunda shi malami ne, shi ya sa layin shagon ya gajiyar da ni gaskiya. Kuma kar ka ajiye, biyun da na tafi da su gida da safe sun yi tauri sai da na sake gasawa. Ranar 25 ga kowane wata suna yin koriya da wani ganye mai suna yomogi don tunawa da Michizane, ita zan koma ci in Allah ya yarda.